Littafin Wurin Aiki da Shari'ar Kwangila a Najeriya

Shari'ar kwangilar gine-gine reshe ne na aikin lauya da ya girma a Najeriya tare da aljihun gwamnati, domin tun zamanin Turawa gwamnati ce babbar mai ba da aikin hanya, gada, madatsar ruwa da bariki. Rigimar da ke kai ɗan kwangila gaban lauya ba ta cika wuce abu uku ba: an yi aiki ba a biya ba, an yi jinkiri kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ko an ƙara aiki da baki ba a rubuta ba. Lauyoyin da suka shiga wannan fage a shekarun 1970 yanzu suna ajiye aiki, kuma ƙorafinsu a kan na baya kusan ɗaya ne: sun haddace hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, amma ba su taɓa taka marmarar wurin aiki da takalminsu ba.

A farkon lamari kai gwamnati ƙara ba ƙaramin aiki ba ne. Dokar da aka gada daga Ingila ta tilasta wa mai ƙara ya fara neman izinin Antoni Janar, wato ya roƙi wanda zai kai ƙara ya yarje masa, har sai da tsarin mulkin 1979 ya buɗe ƙofar kotu ga duk mai taƙaddama da hukuma. Akwai kuma dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. A 1974 Kotun Ƙoli, a shari'ar Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa da kamfanin gine-gine na Cogefar, ta bayyana cewa irin wannan kariya ba ta shafi rikicin kwangila ba. Duk da haka har gobe ana samun lauyan gwamnati da zai miƙe ya kawo ta, don ya ci shekara biyu ana gardamar hurumi.

Saboda wannan wahala, yawancin rigingimun wancan zamani ba a zauren kotu aka kashe su ba. Takardun kwangilar ma'aikatar ayyuka, waɗanda aka kwafo daga na Ingila, sun tanadi a kai gardama gaban mai raba gardama guda ɗaya, a ƙarƙashin dokar sasanci ta 1914. Sau da yawa tsohon injiniya ne ko masanin ƙiyasin kuɗin gini, kuma yakan zauna a ɗakin taro na gidan saukar baƙin gwamnati, ya kuma nemi a kai shi ya ga aikin da idonsa. Abu na farko da yake tambaya shi ne littafin wurin aiki.

Wannan littafi shi ne ginshiƙin sana'ar, kuma shi ne abin da ya ɓace. Gwamnati takan ajiye akawun aiki a kowane babban gini, wanda ba ya komawa gida sai ya cika shafin ranar. Yakan rubuta leburori nawa suka fito, birkiloli da kafintoci nawa, buhun siminti nawa aka buɗe, tifa nawa ta sauke tsakuwa, ƙarfe nawa ruwan sama ya kece da lokacin da ya ɗauke, wace katafila ce ta lalace kuma tun yaushe. Wakilin ɗan kwangila ya sa hannu a ƙasa. Gefe guda akwai littafin umarni mai takardar kabon: in injiniyan gwamnati ya ce a ƙara zurfin harsashi ko a canza kaurin rodi, nan take zai rubuta, ya yage na sama ya miƙa wa ɗan kwangila, kwafin ya zauna a littafi. Lauyan da ya san aikinsa yakan kwashi waɗannan littattafai masu ƙura da ɗigon man inji, ya zauna da masanin ƙiyasi su bi su shafi-shafi. In ɗan kwangila ya ce damina ce ta tsayar da shi mako shida, littafin zai nuna ko kwana tara ne kawai aka yi ruwa, sauran kuwa rashin siminti ne. In gwamnati ta musanta cewa ta ba da umarnin ƙara kwalbati, ga sa hannun injiniyanta da kwanan wata. Da yawa daga cikin shari'o'in nan suna mutuwa ne tun kafin zama, domin ɓangaren da littafi ya ƙaryata yakan nemi sulhu da kansa. Yaron lauya a wancan lokaci ba ya buɗe baki gaban mai raba gardama sai ya iya karanta zanen gini da takardar ƙididdigar kaya, ya kuma san bambancin kuɗin riƙo da kuɗin kafin alƙalami.

Kuɗin man fetur ne suka fara rusa wannan tsari. A 1975 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla kwangila 109 da kamfanoni 68 don sayo siminti fiye da tan miliyan 16, abin da tashar Legas ba ta da ƙarfin saukewa. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, kuɗin zaman jira na hawa kullum, siminti na daskarewa a cikin jirgi. Da gwamnati ta dakatar da biya, sai ƙararraki suka ɓarke a ƙasashen waje. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, a shari'ar Trendtex da Lord Denning ya jagoranta, ta ƙi amincewa Babban Bankin Najeriya ya fake da rigar kariya ta ƙasa a harkar ciniki. A Amurka aka yi shari'ar Texas Trading a 1981, ta Verlinden kuma ta kai Kotun Ƙolin ƙasar a 1983. Ɗaliban lauya a duniya suna karanta waɗannan hukunce-hukunce har yau.

Irin wannan rigima ta kwangilar da ba ta da wurin aiki ta sake dawowa bayan shekara arba'in, cikin siffa mafi muni. Kamfanin P&ID ya sa hannu da gwamnatin Najeriya a yarjejeniyar gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba a 2010, bai aza ko bulo ɗaya ba, amma a 2017 masu sasanci a Landan suka yanke masa dala biliyan 6.6 na ribar da ya ce zai samu cikin shekara 20. Da kuɗin ruwa adadin ya haura biliyan 11 kafin Mai Shari'a Robin Knowles ya gano an samu hukuncin ta hanyar zamba, a Oktoban 2023. Tsofaffin lauyoyi kan ce da mai raba gardama irin na da ne, tambayarsa ta farko ta isa ta girgiza ƙarar.

A cikin gida kuwa, ginin Abuja da dokar soja ta 6 ta 1976 ta kafa ya ninka yawan ayyuka fiye da yawan masu sa ido. Manyan kamfanonin waje suka shigo da takardun kwangila na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, wato FIDIC, waɗanda ke da tsauraran sharuɗɗan ba da sanarwa cikin ƙayyadadden lokaci, ma'aikatu kuma suka riƙa sa hannu ba tare da sun tanadi mai amsa wasiƙun ba. Daga nan sai karyewar naira ta Satumban 1986, wadda ta mai da kowace kwangila ta zama rigimar tashin farashi: wanda ya karɓi aiki da tsohon farashin siminti ya wayi gari kuɗin ba su isa rabin gini ba. A tsakanin nan ne akawun aiki ya fara zama a ofis, littafinsa kuma ana cike shi a ƙarshen wata da biro ɗaya da rubutu iri ɗaya, abin da kowane lauya mai ido ke ganewa da kallo guda.

Dokar sasanci ta 1988 ta kawo tsarin zamani, amma ta bar wata kafa: ana iya rushe hukunci in an nuna rashin ɗa'ar mai raba gardama. Lauyoyi suka faɗaɗa wannan kalma har ta haɗiye kowane kuskure, sai ya zama wanda ya yi nasara a sasanci cikin shekara ɗaya zai shafe shekara goma yana kare nasararsa daga babbar kotu zuwa Kotun Ƙoli. Ko ya gama, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci yana jiransa, domin kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa su sai da yardar Antoni Janar. Izinin da aka kora ta ƙofar gaba a 1979 yana nan zaune a ƙofar baya.

Gyaran da aka yi daga baya ya fi mai da hankali kan yadda ake ba da kwangila. Ofishin bin ƙa'ida da aka kafa zamanin Obasanjo ya haifi dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu. Ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari a lokacin, ta ce biyan da ya wuce kwana 60 yana jawo kuɗin ruwa, ta kuma shimfiɗa hanyar ƙorafi daga ma'aikata zuwa hukumar kula da sayen kayan gwamnati (BPP) zuwa Babbar Kotun Tarayya. Wannan ya samar da sabon rukunin lauyoyi da suka ƙware a takardun neman aiki, amma bai taɓa abin da ke faruwa bayan an fara haƙa ba. A 2011 kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ƙidaya ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba.

Dokar sasanci da sulhu ta 2023 ta cire kafar rashin ɗa'a, ta kuma yarda a naɗa mai sasancin gaggawa. Abin da har yanzu babu shi ne irin tsarin da Birtaniya ta kafa da dokar 1996, inda ake yanke rigimar biya cikin kwana 28 aiki na ci gaba. Irin wannan hukunci na gaggawa ya dogara kacokan a kan bayanan kullum na wurin aiki, kuma a yawancin ayyukan jihohi da ƙananan hukumomi abin da lauya ke samu a yau shi ne hotunan waya marasa kwanan wata da saƙonnin WhatsApp tsakanin ɗan kwangila da injiniyan da tuni aka canza wa wurin aiki.