Katin da ya zo daga Kumasi

Mai karatu, ka taɓa buɗe tsohuwar adakar gidanku? Ni na buɗe ta kakata bara a Maraɗi, ina neman takardar gona, sai na ci karo da wani kati mai hoton kasuwar Kumasi. A bayansa layi uku ne kacal da ajami: ya sauka lafiya, ya samu aiki, a gaida tsohuwa. Kakana ne ya aiko shi. Kan sarkin da ke manne yana ɗauke da fuskar Kwame Nkrumah, ka ga ke nan bayan samun 'yancin Gana ne a 1957. Wannan ɗan kati shi ya sa muka ware shirinmu na makon jiya a kan tarihin katin gidan waya.

Asalin abin daga Turai ne. Ran 1 ga Oktoba 1869 gidan wayar daular Ostiriya da Hangari ya fitar da katin farko, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki, Emanuel Herrmann. Babu hoto a jikinsa, babu ambulan, kan sarkin ma bugagge ne a kai, kuɗinsa kuwa bai kai rabin na wasiƙa ba. Ingila ta bi sahu a 1870.

To amma kati ya ƙetare iyaka fa? Nan ne gizo ke saƙar, don a da sai ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da kowace ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ran 9 ga Oktoba 1874 ƙasashe 22 suka sa hannu a birnin Bern na Suwizalan, suka kafa ƙungiyar da ta zama ta gidajen waya ta duniya. Manufar ita ce ka biya sau ɗaya a inda kake, saƙonka ya isa ko'ina cikin ƙasashen ƙungiyar. Daga nan sai hoto ya shigo. A bajekolin Faris na 1889 baƙi sun yi ta aika katin hasumiyar Eiffel gida, wato shaidar cewa sun je sun gani. A 1902 Ingila ta yarda a raba bayan kati biyu, gefe adireshi gefe saƙo, gaban ya zama na hoto zalla.

A yankinmu, waɗanda suka fara amfani da shi Turawan mulkin mallaka ne. Wani mai hoto Bafaranshe da ke Dakar, Edmond Fortier, ya buga dubban katuna na Afirka ta Yamma, har Tambutu ya je. Kakanninmu suna cikin irin waɗannan hotuna, amma ba sunansu, kuma ba gidajensu aka aika su ba. Sai daga baya, da 'yan ci-rani da ɗalibai da alhazai suka saba da gidan waya, katin ya juyo yana zuwa ƙofarmu.

Wasu a Turai sun ƙi kati da farko, wai kowa na iya karanta sirrinka. Mu nan wannan bai dame mu ba. Ai dama malamin zaure ko ɗan makaranta ne zai karanta da ƙarfi, gida duka na saurare. Saƙon ma ɗaya ne: ina raye, ban manta da ku ba. Da rediyo ya yaɗu, sai katin gaisuwa ya ɗauki wannan aiki, irin na shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Kaset ya zo, waya ta zo, yau ga WhatsApp.

Ga abin da ke damuna. Ƙanena yana Aljeriya, kusan kullum sai ya turo murya. Watan jiya wayar mahaifiyarmu ta faɗa rijiya, muryoyin shekara biyu suka tafi ke nan. Katin kakana kuwa ya haura shekara hamsin, kuma shi kaɗai ne rubutun hannunsa da ya rage mana.

Don haka, mai karatu, leƙa adakar gidanku kafin gara ta riga ka. In ka samu kati, ɗauki hotonsa gaba da baya, ka tambayi tsofaffi wa ya aiko, daga ina, tun suna nan. Sa'an nan ka turo mana, mu karanta a shiri.