Daga Yamai zuwa Jidda: kilomita nawa ne, awa nawa ake yi a sama?

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 4,000, idan an auna a miƙe. Wannan layi yana bi ta kusa da Tawa, ya wuce arewa da Tanut, ya ratsa arewacin Cadi da na Sudan, sannan ya ƙetare Bahar Maliya.

Jirgin fasinja na yin kilomita 850 ko kusa da haka a cikin awa guda. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar kai tsaye, irin wadda jiragen alhazai ke yi, takan ɗauki awa 5 zuwa 5 da rabi. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, jirage da dama na kauce wa sararin samaniyar ƙasar, kuma zagayen yana ƙara lokaci.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya na gaba da Nijar da awa 2, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake tashi ne ko na wanda ake sauka. Jirgin da ya bar Yamai da ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 da rabi zai sauka da ƙarfe 5 da rabi na asuba agogon Jidda, alhali a gida ƙarfe 3 da rabi ne. Mai kallon tikitin zai zaci awa 7 da rabi za a yi. A dawowa kuma lissafin ya juye, tafiyar ta yi kamar ta gajarce.

Masu zuwa Umara da jiragen kasuwa galibi sai sun yada zango. Abin mamaki, daga Yamai zuwa Adis Ababa kusan kilomita 4,000 ne, haka ma zuwa Istambul. Ke nan matafiyi ya riga ya cinye nisan Jidda kafin ya sauka a zangon farko. Daga Adis Ababa saura kilomita 1,400, daga Istambul kuwa kusan 2,400. A ƙara da zaman jiran jirgi na biyu, wanda shi ne yakan mayar da tafiyar ta wuni guda cur. Ga tsoho ko mai ciwon ƙafa, tikiti mai araha da dogon zango ba lalle ya zama riba ba.

Madina ta fi Jidda nisa daga Yamai da kamar kilomita 100 kawai, amma bambancin yana da muhimmanci wajen ibada. Wanda aka sauke a Madina zai ɗauki harami daga baya a Zul Hulaifa, kafin ya kama hanyar Makka mai kusan kilomita 450. Wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka kuwa, mafi yawan malamai sun ce yana isa daidai mikati tun yana sama, kafin saukar jirgi. Don haka kada harami ya shiga babbar jakar da ake aunawa a tura cikin jirgi. A riƙe shi a hannu, ko a ɗaura tun daga Yamai a yi niyya idan an kusa.