Tarihin Binciken Karkarwar Gilashi

Gilashi yashi ne da aka narkar, ya daskare kafin ƙwayoyin zarrarsa su samu damar jeruwa. Irin yashin da manomin Garagumsa ke shuka gero a kansa shi ne tushensa, kuma a rairayin Bilma ana tsintar gilashin da tsawa ta narkar. Cikin gishiri ko lu'ulu'u, ƙwayoyin na tsaye sahu-sahu. Cikin gilashi kuwa a hargitse suke, kamar yadda Zachariasen ya bayyana a 1932. Duk da haka ba sa zama shiru: kullum cikin karkarwa suke, kuma wannan karkarwa ita ce zafin da abu ke riƙewa.

A 1912 Peter Debye ya fitar da ƙa'ida kan daskararrun abubuwa: cikin tsananin sanyi, in ma'aunin zafi ya ragu da rabi, ƙarfin riƙe zafi zai ragu sau takwas. Masana sun ɗauka gilashi ma zai bi ta, tunda ƙa'idar ta ɗauki karkarwar a matsayin igiyar sauti, kuma igiyar sauti mai tsawo ba ta damu da hargitsin ƙananan ƙwayoyi ba.

Ashe ba haka ba ne. Tun 1953 R. S. Krishnan, a Bangalo ta Indiya, ya haska gilashi ya ga alamar wata karkarwa mai sanyin gudu. Babban abin ya zo a 1971, lokacin da Zeller da Pohl na Jami'ar Cornell a Amurka suka sanyaya gilasai iri-iri ƙasa da kelbin 1, wato kusan digiri 272 ƙasa da sifiri. Sai ga shi sun riƙe zafi fiye da lissafin Debye nesa ba kusa ba, suna kuma jinkirin wuce da shi. Abin da ya fi ɗaure kai, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar, gilashin yashi da na roba duk hali ɗaya suka nuna, ko da yake sinadaransu ba su haɗa hanya ba.

Shekara guda bayan nan Anderson da Halperin da Varma, da kuma W. A. Phillips shi kaɗai, suka kawo bayani: wasu ƙwayoyi na da mazauni biyu, suna sulalewa tsakaninsu. Wannan ya warware abin da ke faruwa ƙasa da kelbin 1. Saura rarar karkarwar da ke fitowa wajen kelbin 10, mai bugawa kusan sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, wadda ake kira ƙololuwar boson, sunan da ke komawa ga Satyendra Nath Bose. Buchenau da abokan aikinsa sun auna ta da niyutiron a 1984.

Har yau ba a daidaita kan asalinta ba. Wasu na cewa igiyar sauti ce hargitsi ya karya, wasu na cewa ƙananan wurare ne masu laushi ke rawarsu daban. Masu ƙera kwamfutar kwantum suna bin binciken gilashi sau da ƙafa, domin ƙwayoyin nan masu mazauni biyu na cikin abubuwan da ke ɓata musu lissafi.