Gizo a Birnin Shikago: Tarihin Wani Wasan Majigi na Samarin Amurka

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945, wadata ta sauka a ƙasar Amurka, har ya zama ɗan makarantar sakandare yana da kuɗi a aljihu, wani ma har da mota. Da masu sinima suka ga samari da 'yan mata ne ke cika musu kujeru, sai suka shiga shirya musu wasanni nasu na kansu, na ban dariya da soyayya da rashin ji. Galibin wasannin nan sun shuɗe kamar atamfar da aka daina yayinta. Kaɗan ne suka tsira, a cikinsu kuwa akwai wanda ake kira Ferris Bueller's Day Off, watau ranar da Ferris Bueller ya ba kansa hutu.

John Hughes ne ya rubuta shi, shi ne kuma ya shirya shi, bayan ya riga ya yi suna da The Breakfast Club a 1985. An fara nuna shi ran 11 ga watan Yuni 1986. Kuɗin da aka kashe bai kai dala miliyan 6 ba, abin da ya jawo kuwa ya kai miliyan 70.

Labarin gajere ne. Ferris, yaro mai daɗin baki, ya kwanta ciwon ƙarya, iyayensa suka gaskata. Da suka fita sai ya taso abokinsa Cameron, suka fito da budurwarsa Sloane daga makaranta da ƙaryar cewa kakarta ta rasu, suka ɗauke ta a motar uban Cameron, Ferrari ƙirar 1961, sa'an nan suka nufi tsakiyar Shikago. Suka hau benen Sears, wanda a lokacin babu mai tsawonsa a duniya, suka kalli ƙwallo, suka shiga gidan ajiye zane-zane. Malam Rooney kuwa, mai kula da ladabin 'yan makaranta, ya yini yana farautar Ferris, bai samu kome ba sai taɓo da haƙoran kare.

Duk wanda ya tashi da tatsuniya ba zai rasa gane Gizo a nan ba: ƙaramin da ke cin nasara a kan manya da wayo kawai. Har ma ya fi Gizo sa'a, domin Gizo wani lokaci yakan sha duka, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Mai nazarin harshe zai lura da wani abu kuma. Murya biyu gare shi. Akwai ta majinyaci, mai rauni, wadda ya tanadar wa iyayensa. Akwai kuma wadda yake juyowa ya yi wa mai kallo magana da ita kai tsaye, yana tona masa dabarunsa. Da zarar mutum ya saurara, ya zama abokin sirri, ba ya kuma iya ɗaukar ɓangaren malami. Har bayan an gama rubuta sunaye, Ferris yakan fito ya sallami jama'a su tafi gida, kamar mai tatsuniya da ya ce ƙurunƙus.

Amma fa wayo kaɗai ba ya riƙe wasa shekara talatin da wani abu. Ferris na safe shi ne Ferris na yamma, bai koyi kome ba, kuma masu cewa ɗan gata ne mai jan abokinsa cikin haɗari ba su yi ƙarya ba. Nauyin labarin yana wuyan Cameron, yaron da ya tashi a gidan da ake goge mota kullum, ba a dubansa. Alan Ruck, wanda ya fito a matsayinsa, yana da shekara 29 a sa'ad da aka ɗauki hoton, amma tsoron da ke fuskarsa na yaro ne sosai. A gidan zane-zanen nan ya tsaya gaban zanen Bafaranshe Georges Seurat, wanda aka yi da ɗige-ɗigen fenti, ya ƙura wa fuskar wata yarinya ido, yana ta kallo har fuskar ta watse ta koma ɗigo zalla. Ba a faɗi kalma ko ɗaya ba a wurin, kuma ba a yi dariya ba. Yaro yakan fara kallon wasan yana sha'awar zama Ferris, in ya girma ya sake kallo sai ya tarar Cameron ne ya fi kama da shi.

Hughes ya rasu a 2009. A 2014 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa wasan cikin waɗanda za a adana wa ƙasa, daraja ce da ba kasafai wasan yara ke samu ba. Lalle abin da ya cancanci adanawar yana kusa da ƙarshe. Da yaran suka kasa mayar da lissafin mil na motar baya, Cameron ya huce haushin shekaru a kanta da shuri, ta zame ta fasa gilashi ta faɗa kwari. Ferris ya ce zai ɗauki laifin, Cameron ya ƙi, ya ce shi zai tsaya ya fuskanci ubansa. Ba a nuna yadda suka ƙare ba, uban ma ko sau ɗaya ba a ga fuskarsa ba.