Daga "gaslighting" zuwa "toxic": tarihin kalmomin da muke jifan juna da su

1/ Kwanakin baya na ce wa ƙanwata ba ni na ɗauki cajarta ba. Ta harare ni ta ce, "Yaya, ka daina gaslighting ɗina." A kan caja fa! Abin ya ba ni dariya, amma ya sa na zauna na bi diddigin kalmomin Turancin nan na halayyar ɗan Adam da muke wurgi da su kullum. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Abin da na tarar shi ne kusan kowacce tana da shekarar da aka haife ta, kuma akwai wani da ya sha wuya a bayanta. Wasu an ƙirƙire su don a ceci mutane, wasu kuwa don a rufe musu baki. In kana koyon Turanci ka haddace ma'ana kawai ba ka san labarin ba, wata rana za ka yi wa wani rauni da ita ba ka sani ba.

3/ Mu fara da gaslighting. Asalinta wasan kwaikwayo ne na dandamali mai suna Gas Light, wanda Baturen Ingila Patrick Hamilton ya rubuta a 1938. An mai da shi fim a Ingila a 1940, sannan a Amurka a 1944. Na 1944 ɗin ne ya fi shahara, har Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da shi.

4/ Labarin a Landan yake, zamanin da ba a fara amfani da lantarki a gidaje ba. Gas ake jawowa ta bututu zuwa fitilun gida. In aka kunna wasu fitilun a wani ɗaki, sai hasken sauran ya ragu. Kamar dai famfo ne: maƙwabci na buɗe nasa, naka ya fara tsiyaya.

5/ Mijin kan lallaɓa saman bene da dare yana neman duwatsu masu daraja na wata mata da ya kashe. Yana kunna fitila a can, ta ɗakin matarsa sai ta dushe. Ita tana gani, tana kuma jin takun mutum a sama. Shi kuma yana ɓoye kayan gida ya ce ita ta ɓatar, yana nanata mata cewa ƙwaƙwalwarta ce ta fara taɓuwa.

6/ To kun ga ma'anar. Musu tsakanin mutum biyu bai kai a kira shi gaslighting ba, haka ƙarya guda ɗaya, haka mantuwa. Shiri ne na dogon lokaci, da gangan, har sai mutum ya daina yarda da idonsa da kunnensa. Abin da ya fi tsaya mini a fim ɗin: matar ta dawo hayyacinta ne lokacin da wani mai bincike ya tabbatar mata shi ma ya ga hasken ya ragu. Shaida ɗaya ta ishe ta.

7/ A 2022 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara, saboda yawan masu neman ma'anarta ya ƙaru da kashi 1740 cikin ɗari. Daga nan ta zama ruwan dare, har ta iso kan cajar gidanmu. Matsalar ita ce macen da da gaske ake yi mata wannan a gidan aure, in ta faɗa yanzu, sai a ɗauka yayin intanet take yi.

8/ Ta biyu: narcissist. Wannan ta fi tsufa. Tatsuniyar Girkawa ce, wadda mawaƙin Rumawa Ovid ya rubuta wajen shekara 2000 da suka wuce. Narcissus saurayi ne kyakkyawa mai wulaƙanta duk wanda ya so shi. Ranar da ya leƙa wani tafki ya ga fuskarsa a ruwa, sai ya kamu da son abin da ya gani. Ya kasa tashi daga wurin har ya mutu, fure ya tsiro a gurbinsa.

9/ Likitoci suka ari sunan a ƙarshen ƙarni na 19: Havelock Ellis a 1898, Paul Näcke a 1899. Sigmund Freud ya yi rubutu a kanta a 1914. Sai a 1980 ta shiga littafin DSM, kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke jera cututtuka a ciki, a matsayin larurar ɗabi'a.

10/ A kundin na yau alamomi 9 aka lissafa, kuma sai mutum ya cika aƙalla 5, sun daɗe tare da shi, ƙwararre ya zauna ya tantance. Mu kuwa saurayi ya yi awa uku bai amsa saƙo ba, an gama yanke hukunci: narcissist ne. Haba jama'a! Wani girman kai ne kawai ke damunsa, wani son kai, wani kuma datarsa ce ta ƙare.

11/ Ta uku, wadda ta fi nauyi: trauma. Da Girkanci ma'anarta rauni, irin na jiki, na sara ko suka. A hankali aka fara amfani da ita ga raunin da ido ba ya gani. Kafin duniya ta yarda cewa irin wannan raunin gaskiya ne, an yi asarar rayuka.

12/ A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji suka riƙa dawowa daga fagen daga suna karkarwa. Wasu sun daina magana, wasu ba sa barci, alhali ba harsashi ko ɗaya a jikinsu. A 1915 likita Charles Myers ya yi rubutu a mujallar The Lancet ya kira abin shell shock, wato gigitar da fashewar bam ke jawowa.

13/ Manyan hafsoshi da dama ba su yarda ba, a wajensu ragwanci ne. Rundunar Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su tsoro da gudu daga fagen daga, kuma ana ganin a cikinsu akwai masu wannan larurar. Sai a 2006 gwamnati ta yi musu afuwa, kusan shekara 90 bayan an binne su.

14/ Bayan yaƙin Biyetnam tsofaffin sojojin Amurka da wasu likitoci suka matsa lamba, har aka sa PTSD a kundin DSM a 1980. Daga ranar mutum ya samu sunan da zai kira abin da ke damunsa, ya nemi magani, ba tare da an ce masa rago ba. Kun ga inda kalma ta ceci mutane.

15/ Mu ma muna buƙatar ta da ƙarfinta. Wanda ya tsira daga hannun masu garkuwa a Zamfara, ko yarinyar da ta tashi a sansanin 'yan gudun hijira a Borno, wadda ƙarar babur ke sa gabanta faɗuwa, su ne masu wannan kalmar. Ni da na ce layin banki ya ba ni trauma, gaskiya aron rigar da ba tawa ba na yi.

16/ Yanzu ɗaya ɓangaren, inda aka yi amfani da kalma don a danne mutum. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya ce ya gano wata cutar ƙwaƙwalwa mai suna drapetomania. Alamarta? Bawa ya gudu daga ubangidansa. Cikin rigakafin da ya ba da shawara har da bulala. Neman 'yanci ya zama ciwo, don kawai an laƙaba masa suna mai kama da ilimi.

17/ Haka hysterical, da ake faɗa wa mace in ta ɗaga murya. Daga hystera take, wato mahaifa da Girkanci. Likitocin da can sun ɗauka mahaifa na yawo a jikin mace tana rikita ta. Ɗaruruwan shekaru ana rufe bakin mata da wannan kalma. A 1980 aka cire sunan daga jerin cututtukan DSM, amma bai fita daga bakin mutane ba.

18/ Sai Stockholm syndrome, da ake jefa wa duk macen da ta ƙi barin mugun miji. A watan Agustan 1973 Jan-Erik Olsson ya shiga wani banki a birnin Stockholm na Suwidin da bindiga, ya yi garkuwa da ma'aikata 4 tsawon kwana 6. Da aka kuɓutar da su, aka lura ba sa nuna ƙiyayya ga masu garkuwar, 'yan sanda suke jin haushi.

19/ Nils Bejerot, likitan ƙwaƙwalwar da ke ba 'yan sanda shawara, shi ya sa wa abin suna. Amma ɗaya daga cikin mutanen, Kristin Enmark, ta kira Firaminista Olof Palme a waya tun tana tsare, ta nuna masa farmakin 'yan sanda take tsoro, don shi zai iya jawo a kashe su. Daga baya ta sha bayyana cewa dabarar tsira da rai ta yi. Har yau wannan "cutar" ba ta cikin kundin DSM.

20/ Kai, ko lunatic ma daga luna take, wato wata da Latinanci, don an ɗauka farin wata ke tayar da taɓin hankali. A Najeriya dokar da ta shafi masu larurar ƙwaƙwalwa sunanta Lunacy Act, ta 1958, gadon Turawan mulki. Sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta.

21/ Ta ƙarshe, toxic, wadda Oxford ta zaɓa kalmar shekarar 2018. Toxon da Girkanci baka ne na harbi, toxikon kuma dafin da ake shafa wa kibiya. Duk wanda ya tashi kusa da maharba ya san ba a wasa da dafi. Mu kuwa uwa ta ce a wanke kwanuka, an ce gidan ya zama toxic.

22/ Ba cewa nake ku daina koyon kalmomin nan ba. Ku koye su sosai, za su yi muku amfani a karatu da wajen aiki, har da gaban likita. Shawarata dai, kafin ka jefa wa wani, ka tambayi kanka: abin sau ɗaya ya faru ko kullum ne? Abin da ya yi nake bayyanawa, ko ciwo nake laƙaba masa? In na faɗa da Hausa, zai yi wannan nauyin?

23/ Tambaya ta ukun ta fi yi mini aiki. Sau da yawa in na fassara, sai in ga abin bai wuce musu ba, ko rainin hankali, ko ɓacin rai na yini ɗaya. Wani lokacin kuma in na fassara sai in ga ya fi yadda na zata muni, zalunci ne tsagwaronsa, kuma lokacin neman taimako ya yi. Magana zarar bunu ce, gara a auna ta tukuna.

24/ Ita kuwa ƙanwata, a ƙarƙashin filonta aka ga cajar. Na tura mata labarin fim ɗin 1944, ta karanta ta ce, "To Yaya, na janye gaslighting. Amma ranar Talata ai kai ka ɗauka." Wannan kam gaskiyarta ce, na amsa laifina. Wace kalma ce aka taɓa jifan ku da ita, ko kuka jefi wani? Ku ajiye ta a ƙasa, mu bi asalinta tare.