Tatsuniya da Almara a Fim: Daga Faransa zuwa Ƙasar Hausa

Ɗauko labaran kaka da kakanni a mayar da su fim tsohuwar hanya ce a tarihin silima. Faransawa sun yi fice a kanta da almarar Girkawa, masu shirya fim a Nijar da Najeriya kuma suka bi ta da nasu labaran.

A 1950 Jean Cocteau ya fitar da Orphée, labarin mawaƙin nan na Girkawa da ya bi matarsa har duniyar matattu don ya dawo da ita. Cocteau ya sa wa labarin rigar zamani: 'yan aiken Mutuwa a kan babura suke yawo, madubi kuma shi ne ƙofar shiga can. Marcel Camus ya kai wannan labari Birazil a Orfeu Negro (1959). A Le Mépris (1963), Jean-Luc Godard ya haɗa rushewar wani aure da aikin ɗaukar fim kan tafiyar Odisiyus.

A Nijar, Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa ƙasar a 1941 a matsayin injiniya, shi ya buɗe wa matasa kamar Mustafa Alasan da Umaru Ganda ƙofar sana'ar. Su kuwa da suka riƙe kyamara sai suka waiwayi gida. Alasan ya yi La Bague du roi Koda (1962) daga labarin Zabarmawa, sannan Toula, inda fari ya sa aka ba aljanin ruwa budurwa, jigon da ya yi kama da na Andiromeda ta Girkawa. A 1986 Med Hondo ya yi Sarraounia daga littafin Abdullahi Mamani, kan Sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987.

A Najeriya ta hanyar littafi aka bi. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, gidan talabijin na Kaduna kuma ya shirya Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda shi kansa ya aro wasu labaransa daga Larabawa da Turawa ya Hausantar da su. Bayan Turmin Danya (1990) ya buɗe zamanin bidiyo a Kano, an ɗauko tatsuniyar Daskin-da-Riɗi aka yi mata fim.

A garuruwan noma irin su Tsiga, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, bakin kaka ne silimar farko, da daddare bayan an ci tuwo. Majigi ya biyo baya, sai gidajen kallo, yau kuma waya. Yaron da ya ji Daskin-da-Riɗi a tsakar gida ya riga ya san ƙarshen labarin kafin a kunna fim, abin da yake jira shi ne ya ga irin fuskar da aka ba shi. Haka mai kallon Paris ya zauna gaban Orphée.