Tikitin Sule Ɗaya: Asalin Yawon Buɗe Ido a Jirgin Ƙasa

Lokacin da aka fara shimfiɗa layin dogo a Ingila, babu wanda ya kawo shaƙatawa a ransa. Kwal ake son kwashewa daga mahaƙa zuwa bakin ruwa, shi ya sa aka buɗe layin Stockton da Darlington a 1825. Ko layin Liverpool zuwa Manchester da ya biyo baya a 1830, dakon auduga da kayan masaƙa masu shi suka fi sa wa rai, sai ga kuɗin fasinja ya zarce na kaya. Duk da haka, mai shiga jirgi a wancan zamani yana da uzurinsa: fatauci, neman aiki, ko ziyarar dangi. A ce leburori su haɗa kai su yanki tikiti, su wuni suna kallon tsaunuka da tafkuna, su dawo da dare ba su saya ba ba su sayar ba, wannan sai daga baya aka koye shi, kuma yaƙi da shan giya ya taimaka wajen yaɗa shi.

Thomas Cook, wanda aka haifa a 1808 a ƙauyen Melbourne na yankin Derbyshire, ya bar makaranta yana ɗan shekara goma. Ya yi aikin lambu, ya koyi kafinta, ya kuma yi yawon wa'azi a ƙauyuka a ƙarƙashin ɗariƙar Baptis. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda ma'aikata ke karɓar ladan mako su ƙarar da shi a mashaya. A watan Yunin 1841 ya taso a ƙafa daga Market Harborough, inda yake zaune, zuwa wani taron masu yaƙi da barasa a Leicester, tafiyar mil 15. A kan hanyar ce dabara ta faɗo masa: me zai hana a yi hayar jirgi sukutum a kai 'yan ƙungiya babban gangamin da za a yi a Loughborough?

Kamfanin Midland Counties ya amince. Ranar Litinin, 5 ga Yulin 1841, mutum wajen 500 suka cika tashar Leicester, kowa ya biya sule ɗaya, kuɗin zuwa da dawowa har da abinci. Taragun ba su da rufi, hayaƙi da tartsatsin kan jirgi a kan fasinja suke sauka, amma hakan bai rage wa kowa ɗoki ba. 'Yan badujala suna ciki suna busa, jama'a sun yi cincirindo a kan gadoji suna kallo. Tafiyar kimanin mil 11 ce kacal. A Loughborough aka zaga gari da tutoci, aka sha shayi a wani fili, aka yi wasanni, aka saurari jawabai, sai da dare ya yi aka dawo gida.

Cook ba shi ne farau ba. Shekara ɗaya kafin nan wata ƙungiyar ilimin ma'aikata ta Nottingham ta kai 'ya'yanta Leicester a jirgi na musamman. Bambancin Cook shi ne bai tsaya nan ba, kuma ya gane lissafin da ke ƙarƙashin harkar. Idan an riga an hura wutar inji, an biya direba, to ƙarin fasinja ɗari ba ya ƙara wa kamfani wata ɗawainiya ta a zo a gani. Gara a cika jirgi da rabin farashi da a ja taragu fanko. Shekara uku ya yi yana kai 'yan ƙungiya da yaran makarantun coci yawo ba tare da ya ci riba ba. A 1845 ya mayar da abin sana'a, ya shirya tafiya zuwa Liverpool, daga can a zarce tsaunukan Wales. Sai da ya riga fasinjansa zuwa, ya duba masauki da wuraren cin abinci, sannan ya buga ɗan littafin jagora mai bayanin abin da za su gani a hanya.

Doka ma ta taimaka. A 1844 majalisar Birtaniya ta wajabta wa kamfanoni su riƙa tafiyar da aƙalla jirgi ɗaya kullum a kan kwabo ɗaya kowane mil, da wurin zama da kariya daga ruwa da iska. A 1851, lokacin babban baje kolin Landan, Cook shi kaɗai ya kai mutum wajen 150,000, da yawansu ba su taɓa taka birnin ba. A 1871 kuma aka kafa ranakun hutu na hukuma, talaka ya samu ranar da zai fita ba tare da fargabar mai gida ba.

Ba kowa ne ya yi murna ba, kuma a nan ne tarihin ya fi nuna halin ɗan Adam. A 1844, da aka ce za a ja layin dogo zuwa tafkin Windermere, William Wordsworth, mawaƙin da ya yi suna wajen yabon kyawun wannan yanki, ya tashi haiƙan yana rubutu a jarida cewa a dakatar. Hujjarsa ita ce gane kyawun halitta abu ne da ake koyo a hankali, kuma tururuwar ma'aikatan masana'antu za ta lalata natsuwar wurin ba tare da su kansu sun ƙaru da komai ba. Tsoronsa game da cunkoso yana da ƙamshin gaskiya, wuraren shaƙatawa da dama suna kuka da shi har yau. Amma cewa mai wuni goma sha biyu a gaban injin saƙa bai cancanci ganin tafki ba sai ya yi karatu, wannan rowa ce da aka yi wa rigar hikima. An buɗe layin a 1847, jama'a kuma suka zo.

A Yunin 1863 Cook ya kai ayarinsa na farko Suwizalan. Cikinsu akwai Jemima Morrell, 'yar garin Selby, da ɗan'uwanta da wasu abokai, waɗanda suka raɗa wa kansu sunan ƙungiyar mahaya tsauni. Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, keken doki, alfadari, ƙafa, babu wanda ba su yi amfani da shi ba. Sun hau dutsen Rigi, mai tsawon kusan mita 1,800, a ƙafa, suka kwana a sama don su ga fitowar rana. Littafin da ta rubuta na tafiyar sai a 1963 aka buga shi. Shekara takwas bayan hawansu, a 1871, injiniya Niklaus Riggenbach ya kai jirgi kan wannan dutse. Dabararsa ita ce ƙarfe na uku mai haƙora a tsakiyar dogo, wanda wani gargare mai haƙora a ƙarƙashin inji ke kamawa, jirgi ya hau gangare bai zame ba. Daga nan aka yawaita gina layukan da babu abin da suke ɗauka sai masu kallo. Na Jungfraujoch ya kai mita 3,454 a 1912. A 1930 Glacier Express ya fara zirga-zirga tsakanin Zermatt da St. Moritz, kuma a yau yana cin kusan awa takwas, ya haye gada 291, ya ratsa ramin dutse 91, fasinjoji suna zaune a bayan manyan tagogi.

Kamfanin Cook, wanda ɗansa John Mason ya faɗaɗa, ya kai har Kogin Nilu, kuma daga 1886 zuwa 1893 gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya ta damƙa masa jigilar alhazai zuwa Jidda. Ya rayu har Satumbar 2019, lokacin da bashi ya durƙusar da shi.

Da mota ta yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan layuka suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A Wales akwai wani siririn layi, Talyllyn, da aka gina a shekarun 1860 don kwaso duwatsun rufin gida. Da mai shi ya rasu a 1950, marubuci Tom Rolt ya tara masu sha'awar jirgi a Birmingham, suka karɓi layin, suka fara tafiyar da shi a Mayun 1951. Shi ne na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto. Malamai, akawu da 'yan fansho ne ke zuba kwal, su yanka tikiti, su canja katakon dogo a ranakun hutunsu. Layin mil bakwai ne da 'yan kai daga Tywyn, kuma masu yawo kan sauka a tashar Dolgoch su taka zuwa wurin da ruwa ke zubowa daga dutse, su jira jirgi na gaba. Injin da ake kira Dolgoch, ƙirar 1866, yana cikin waɗanda ke jan taragun har yanzu.